Sarin Kujerun Jirgi: Sana'ar Masu Jirgin Yawo a Sakkwato

Azumi na saura wata 4 ko 5, lokacin da mai niyyar Umara a Gidan Dahala bai ko gama haɗa kuɗinsa ba, an riga an yi cinikin kujerar da zai zauna a kai. Wanda ya taya ta bai san sunansa ba, bai ga fasfonsa ba, ba shi ma da tabbacin zai zo. Abin da ya sani kawai shi ne kowace shekara akwai mutane irinsa, daga Gidan Dahala da Mabera da Arkilla da Runjin Sambo, har da na Illela da Tambuwal da Wurno, masu burin goman ƙarshe ta riske su a Makka. A kan wannan sanin ne yake ɗaukar miliyoyi ya kai wa kamfanin jirgin sama, ya kama kujera 50 ko 100, sannan ya dawo gida neman waɗanda za su cika su.

Wannan ita ce sana'ar masu jirgin yawo, kamfanoni masu zaman kansu da ke kai mutane Hajji da Umara ba ta hannun hukumar alhazai ta jiha ba. Jama'a sun san su da sayar da tikiti da buga biza da kama masauki. Duk suna yi. Amma arzikinsu da karayarsu na fitowa ne daga wani cinikin da ba a gani daga bakin titi, wato wanda suke ƙullawa da kamfanonin jiragen sama.

Mutumin unguwa da wuya ya haɗu da mai wannan cinikin. Wanda ya sani shi ne ejan ɗin da ke kusa da shi: matashi mai ɗan shago da kwamfuta, ko malamin Islamiyya da ya saba jagorantar ɗalibansa, ko wata Hajiya uwar adashi da ta je sau da yawa har mata suka yarda da ita. Shi ke karɓar fasfo da kuɗi, ya miƙa wa babban kamfani, a cire masa la'adarsa. Babban kamfanin ne ke da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON. Shi ne kuma ke da rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wadda ba ta yarda ejan ya riƙa yankar tikiti da sunan jirage sai ya kawo lamunin banki ko na inshora, kuma sai ya riƙa zuba kuɗin tikitin da ya sayar a kan ranakun da aka ƙayyade masa, ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Sama da shi sai ofishin kamfanin jirgi da ke kula da cinikin rukuni, a Kano ko Abuja ko Legas. Kuɗin tsohuwar da ta sayar da ragunan da ta turke shekara guda sai sun bi ta waɗannan hannuwa kafin su zama kujera.

Haɗa mutane don a sami sauƙin hanyar gabas tsohon abu ne a ƙasar nan. Kafin mota da jirgi, maniyyaci kan fita a ƙasa ko a kan jaki, ya ratsa Barno da Cadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago, wani ya yi shekara da shekaru kafin ya ga Bahar Maliya. Hanyar da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufa ke nan da jama'arsa a 1903 kafin a tare su a Burmi, kuma zuriyar waɗanda suka tsira na nan a Mai Wurno ta Sudan. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da aka sani da WAPA, wanda unguwar 'yan canji ta Fagge ke amsa sunansa har yau. Da manyan motoci aka fara, daga baya aka koma shatar jirage. Su ne kakannin wannan sana'a. Bayansu aka yi zamanin Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003, da Kabo Air na Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo, sai kuma Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal da Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina. An kafa NAHCON a 2006. A Hajjin 2023 da na 2024 Saudiyya ta ba Najeriya kujera 95,000, aka ware 75,000 ga hukumomin jihohi, 20,000 ga masu jirgin yawo. Umara kuwa kacokan tana hannun masu jirgin yawo, kuma a can ne cinikin kujera ya fi zafi, don babu gwamnati a tsakani.

Me zai sa kamfanin jirgi ya yarda ya yi ragi? Kujerar jirgi kamar tumatirin damina take a hannun mai sayarwa: ba ta ajiyuwa. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya tashi, duk kujerar da ba kowa a kanta ta mutu, alhali man da za a ƙona da albashin matuƙa da kuɗin sauka duk suna nan daram. Don haka kamfani na son wanda zai ce masa tun da wuri, "Na ɗauke maka 80." Ya rage masa fargaba, ya kuma sa masa kuɗi a hannu watanni kafin tafiya.

Sai dai akwai abin da sabon shiga ba ya ganewa sai ya sha wuya. Kujerun jirgi ɗaya ba farashi ɗaya gare su ba, ko da a sashe ɗaya suke. An jera su hawa-hawa, kowane hawa da harafinsa a na'urar Amadeus ko Sabre ko Galileo da ejan ke dubawa. 'Yan kaɗan ne a hawan ƙasa mai araha. In sun ƙare a buɗe na sama, haka har ranar tashi, lokacin da mai gaggawa zai biya ninki ko fiye. Wanda ya zo neman kujera 80 a jirgi guda ya cinye hawan ƙasa da na tsakiya gaba ɗaya, ya kuma hana kamfani sayar da wasu da tsada daga baya. Shi ya sa farashin da ake yanka wa rukuni, wanda a mafi yawan kamfanoni yakan fara daga mutum 10, sau da yawa yakan ɗara mafi arahar tikitin da mutum ɗaya zai gani a wayarsa ranar. Sai ka ji maniyyaci na ƙorafi: "To Alhaji, ina amfanin sarin naka, ga shi ni na ga wanda ya fi naka sauƙi?" Ya gani ɗin da gaske. Amma kujera 3 ko 4 ce a wannan farashin, ba a canza mata suna, ba a maido da kuɗinta, kuma gobe ba ta nan.

A ganina nan ne asirin sana'ar yake. Gwanin ciniki ba ya ɓata ƙarfinsa duka a kan a rage masa dala 20. Abin da yake saye shi ne lokaci da tabbaci: farashi ya tsaya cak na tsawon watanni, kujeru su zauna a hannunsa babu suna a kansu, har ya gama tattara mutanensa.

Zaman cinikin kansa ba ya kama da na kasuwar Kara, ba a tafa hannu ana "albarka", yawanci ma ta waya da saƙon imel ake yin sa. Amma tayi da sallamawa suna nan yadda aka san su. Mai jirgin yawo yakan zo da abubuwa uku: yawan mutanen da yake ikirari, ranakun da yake so, da tarihinsa. Na ukun ya fi nauyi. Manajan cinikin rukuni yana da lissafin kowa a gabansa: bara ka kama 100, nawa ka cika? Wanda ya saba kama 100 ya kawo 95 ana sauraronsa ko da ya zo da tayi mai ƙanƙanta. Wanda ya kama 200 ya kawo 60 ya bar kamfani da kujeru a wofi ana jibi tashi, ko ya zo da kuɗi a buhu, sai an tsaurara masa.

Daga nan sai a shiga sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane sharaɗi kuɗi ne. Nawa ne kafin alƙalami, kuma in ciniki ya watse ana maido da shi ko ya tafi ke nan? Wace rana ce ta ƙarshe ta cika kuɗi? Wace rana ce ta miƙa sunaye? Wannan ranar ita ce ejan ke yaƙi a kanta fiye da kowace, domin mutanenmu ba sa yanke shawara da wuri. Wani sai ya sayar da albasarsa, wani sai an biya shi bashin kwangila, wata sai ɗanta da ke Abuja ya turo. Kowane mako guda da aka ƙara masa kafin miƙa sunaye, ƙarin fasinjoji ne. Sai batun canjin suna: in tsoho ya kwanta rashin lafiya ana saura mako biyu, za a yarda a sa wani a gurbinsa, kyauta ko da tara? Sai yawan kujerun da aka yarda ya maido ba tare da an ci shi tara ba, wanda yakan kasance ɗan ƙaramin kaso na abin da ya kama. Sai kujerar kyauta ta jagora, wadda wasu kamfanoni ke bayarwa bayan kowane adadi na fasinjoji, kuma ita ce malamin da zai yi wa mutane bitar ɗawafi da sa'ayi ke hawa. Sai kaya. Wanda bai san fasinjan Umara na Arewa ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Jaka biyu masu kilo 23 kowace, da galan ɗin Zamzam mai lita 5, ga mai dawowa da abaya da dabino da turare da darduma, sun fi masa ragin dala 30 daraja. Akwai matan da ribar kayan da suka sawo a Jidda da Madina ce ke biyan rabin kuɗin tafiyarsu ta gaba. Ejan da ya manta da kilo a wurin ciniki zai gamu da fushinsu a filin jirgin Jidda.

Kamun kujera iri biyu ne. Akwai mai taushi, wanda za ka iya sakin abin da ba ka sayar ba kafin wata rana da aka sa, amma raginsa kaɗan ne. Akwai mai tauri, wanda ka saya ka saya ke nan, ko ka cika ko kada ka cika, kuma a nan ne ake samun ragi mai tsoka. Bari mu yi lissafi da misali. A ce mutum ya kama kujera 100 kamu mai tauri a kan dala 900 kowace, jimilla dala 90,000. Yana sayarwa a kan dala 1,000. In ya cika duka ya ci dala 10,000. In ya sayar da 90 ya fita ba riba ba faɗuwa. In ya sayar da 88, wanda a idon kowa ciniki ne mai kyau, ya yi asarar dala 2,000, ban da kuɗin haya da albashin yara da la'adar ejan-ejan na unguwanni. Ribarsa duka tana cikin kujeru 10 na ƙarshe. Wannan ne dalilin da ya sa ana saura kwana 3 tashi za ka ga saƙonni na yawo a WhatsApp, "saura kujera 6, an yi ragi", ana karya farashi ƙasa da yadda aka saro. Rabin asara ya fi asara duka.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Saboda falalar da aka ruwaito game da Umarar watan Ramadan, kowa goman ƙarshe yake so, daga Indunusiya har Maroko. A waɗannan kwanaki kamfanin jirgi ba ya bukatar kowa ya taimaka masa ya cika jirgi, don haka ba ya ragi, sai ma dai a roƙe shi ya ba da kujerun. Mai dabara yakan haɗa cinikin shekara guda a dunƙule. Ya ce wa manaja, "Yallaɓai, zan ɗaukar maka kaza a watan Maulidi, kaza a Rajab da Sha'aban, kaza a hutun Disamba, lokacin da jirginka ke tafiya rabi. Kai kuma ka riƙe mini kaza a Ramadan a farashin da za mu tsayar yau." Yana sayen watan tsada da watannin da ba kowa. Kuma da yake watannin Musulunci na ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, lissafin bara ba ya zama na bana. Azumin da ya faɗo lokacin hutun Turawa ko ƙarshen shekara yana cin karo da wasu fasinjojin a jiragen da ke ratsawa ta Alƙahira da Adis Ababa da Doha.

Ɗan Sakkwato yana da ƙarin wani nauyi da takwaransa na Kano ba shi da shi. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yana ɗaukar alhazan jiha kai tsaye zuwa Saudiyya a lokacin Hajji, kuma shekaru da dama alhazan Zamfara ma daga nan suka riƙa tashi. Amma mafi yawan masu Umara sai sun bi ta Kano ko Abuja, inda jiragen Saudia da EgyptAir da Ethiopian da Qatar Airways suke sauka. Tsakanin Sakkwato da Kano ya haura kilomita 500, kuma hanyar ta ratsa Zamfara, inda kowa ya san halin rashin tsaro da ake ciki. Saboda haka cinikinsa biyu ne: kujerar ƙetare, da yadda zai kai mutane bakin jirgin lafiya kuma a kan lokaci. In ya zaɓi jirgin cikin gida zuwa Abuja, ya ƙara tsada, kuma in wannan jirgin ya yi jinkiri ko hazon hunturu ya hana shi sauka, babban jirgin ba ya jira, tikiti daban-daban ne. Masu hankali kan kai mutanensu kwana guda kafin ranar, su biya masauki, su sa wannan cikin farashi tun farko.

Duk wannan da sauƙi in aka kwatanta da maganar dala. Ejan yana karɓar naira a hannun mutane kaɗan-kaɗan, amma farashin kujera da na otal a Makka da Madina da dala da riyal ake lissafa su. A watan Yunin 2023, da gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 750 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yanka wa mutane farashi da naira, ya biya kafin alƙalami kawai, ya bar cikon sai daga baya, ya wayi gari kuɗin da ke hannunsa ba su kai rabin abin da ake binsa ba. Ita kanta NAHCON ba ta tsira ba. Bayan ta sanar da kusan naira miliyan 4.7 a matsayin kuɗin kujerar Hajjin 2024 ga maniyyatan Arewa, a watan Maris ta nemi kowa ya ƙaro naira miliyan 1.9, kuma gwamnatin tarayya ta zuba tallafin naira biliyan 90. A 2025 kujerar ta haura naira miliyan 8. Mai jirgin yawo ba shi da mai ba shi tallafi. Kafin wannan ma an sha wata wahalar: kuɗin kamfanonin jiragen waje sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har suka haura dala miliyan 800 a 2023 bisa lissafin IATA. Kamfanonin suka rufe hawan kujeru masu araha ga masu saye da naira, Emirates kuma ya daina zuwa tun ƙarshen 2022, bai dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024. Tun daga lokacin tsofaffin hannu suka ɗauki ɗabi'a guda: naira ta shigo da safe, kafin la'asar an kai ta wurin 'yan canji ko an tura wa kamfanin jirgi. Ba a kwana da ita.

Mataki na sama a sana'ar shi ne shatar jirgi sukutum. A nan farashin kowace kujera na iya sauka sosai, amma akwai ramin da ke ciki. Jirgin da ya kai mutane Jidda a farkon jigila fanko yake dawowa, wanda zai je kwaso su kuma fanko yake tafiya. Sawu huɗu ake biya don a yi amfani da biyu. Shi ya sa a lokacin Hajji ake loda ruwan Zamzam na alhazai a jiragen da ke dawowa ba kowa, kuma shi ya sa mai shatar Umara ke ƙoƙarin jera rukuni bayan rukuni, jirgin da ya kai na biyu ya dawo da na farko. Ga kuma abin da ba wanda ya sa a lissafi. Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, wadda ita ce miƙaƙƙiyar hanyarmu zuwa Jidda. Jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanonin jigilar Hajjin shekarar suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. A ƙarshen Fabrairun 2020 kuma Saudiyya ta dakatar da Umara saboda korona, Hajjin 2020 da na 2021 ba a karɓi baƙi daga waje ba. Ejan da yawa sun ga yadda kuɗin kafin alƙalaminsu ya koma takardar alkawarin tafiya nan gaba, alhali masu kuɗin na tsaye a ƙofar ofis suna neman tsabarsu.

Akwai ranar da duk mai wannan sana'a a Sakkwato ya kamata ya riƙe a zuciyarsa. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi shata yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Tayoyi suka fashe yana gudu a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgin da wutar. Matuƙan sun juya za su sauka amma ba su kai ba. Mutum 261 da ke ciki, 247 daga cikinsu fasinjoji, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna an san da ƙarancin iskar kafin tashi, aka ƙi tsayawa gyara don kada a makara. Ba na kawo wannan don in ce duk jirgin shata haɗari ne, dokokin yau sun fi na wancan lokaci tsauri nesa ba kusa ba. Na kawo shi ne don mai taya kujera ya tuna cewa matsin da yake yi a kan farashi da kan lokaci yana sauka a kan wani a can ƙasa, makaniki ko matuƙi. Tambayar wane jirgi ne, na wane ne, wa ke kula da shi, tana cikin ciniki, ko da amsarta za ta sa a biya ƙari.

Abin da ya fi damuna a sana'ar shi ne asalin kuɗin da ake wannan kasadar da su. Kaɗan ne cikin masu jirgin yawo ke da jarin da zai kama kujera 100 daga aljihunsu. Mafi yawa da kuɗin waɗanda suka fara biya ake kama kujerun waɗanda ba su zo ba tukuna. Muddin komai ya tafi daidai ba mai jin labari. Ranar da biza ta ƙi fitowa, ko dala ta yi tsalle, ko rukuni bai cika ba, sai a ɗauki kuɗin Umarar Rajab a toshe ramin Maulidi, a ɗauki na Ramadan a toshe na Rajab. Daga nan ne ake samun mutanen da aka yi wa walimar bankwana a unguwa, suka je Kano suka yi mako a masauki, suka dawo gida da haraminsu a jaka. Yawancin waɗanda suka jefa mutane cikin wannan hali ba da niyyar cuta suka fara ba. Sun kama abin da ya fi ƙarfinsu ne saboda kwaɗayin ragi mai tsoka, kunya kuma ta hana su faɗin gaskiya tun ramin yana ƙarami. Amma ga matar da ta ce, "Ɗana, ga kuɗɗina nan, amana ta Allah," bambancin ba shi da amfani.

Nagari a cikinsu ana gane shi da abubuwa masu sauƙi. Yana kama abin da ya san zai iya cikawa ko da an yi masa tayin ragi a kan ninkinsa. Ba ya haɗa kuɗin wannan rukuni da na wancan. Yana faɗa wa mutum tun ranar farko, a rubuce, cewa farashin na iya motsawa in dala ta motsa, da abin da za a maido masa in ya fasa. Kuma in ka tambaye shi sunan jirgi da ranar tashi da lambar kamun kujera, ba ya ɓata rai. Maniyyaci na da haƙƙin ya nemi ganin lasisin NAHCON na kamfanin da ejan ɗin unguwarsu ke yi wa aiki, ya kuma bincika ko yana cikin AHUON, ƙungiyar masu jigilar Hajji da Umara ta Najeriya. Mutanenmu na jin nauyin yin irin wannan tambaya ga wanda suke sallah sahu ɗaya da shi. Bai kamata ba. Mai gaskiya daɗin tambayar yake ji, don ita ke raba shi da 'yan damfara.

Sana'ar na sauyawa. A da kamfanonin jirage na ba ejan la'adar kashi 9 cikin 100 a kan tikitin ƙetare, yanzu ta zama ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya sa kowa ya koma dogaro da ribar sari da ta masauki. Matasa masu waya na sayen tikitinsu da kansu, Saudiyya kuma na ta tura harkokin Umara da ziyarar Rauda cikin manhajar Nusuk. A ɓangaren Hajji ta matsa a rage yawan kamfanonin da take hulɗa da su kai tsaye, abin da ya tilasta wa ƙanana shiga ƙarƙashin inuwar manya. Duk da haka dattijon da bai taɓa hawa jirgi ba, da matan da ke son tafiya tare da malaminsu, da ɗan kasuwar da zai biya kashi uku, ba manhajar da za ta ɗauke su daga ƙofar gida ta dawo da su.

Ƙaramin ejan na Sakkwato mai mutum 15 ba shi da bakin magana a gaban kamfanin jirgi, dole ya saya a hannun babban dila na Kano ko Abuja, wanda ya riga ya ɗora tasa ribar. In irinsa 10 suka haɗa kai suka zo da 150, magana ta canza. In na Sakkwato da Birnin Kebbi da Gusau suka haɗa mutanen Ramadan ɗinsu wuri guda, adadin na iya kai wa a yi shatar jirgin da zai tashi daga filin Sultan Abubakar III kai tsaye, a huta da hanyar Kano da kwanan masauki da fargabar daji. Kujeru da fasinjoji ba su ne matsalar ba. Inda irin wannan magana takan tsaya shi ne asusun wa za a zuba kuɗin, da kuma wa zai ɗauki asarar kujeru 10 na ƙarshe in ba su cika ba.